Wane Aikatau Ne Ya Dace da Masanin da Ya Gina Ra'i?

Wata ɗaliba mai rubuta kundin digiri na biyu a fannin nazarin harshe ta aiko da tambaya. Ta ce a babi na biyu na aikinta ta rubuta cewa, "Greenberg ya yi hasashen cewa Hausa tana cikin dangin harsunan Chadi," sai malamin da yake duba aikin ya zagaye kalmar hasashe da jan biro, ya rubuta "sake duba wannan" a gefen takarda, bai ƙara ko harafi ba. Tana son ta san laifin kalmar, tana kuma son a gaya mata aikatau ɗin da Hausa take amfani da shi idan ana nufin masani ya zauna ya tsara bayanin da zai warware dalilin kasancewar wani abu yadda yake, wato abin da ɗalibai suke kira tiyori a tsakaninsu, malamansu kuma suke kira ra'i a rubuce.

Malama, malaminki bai zalunce ki ba, ko da yake da ya ƙara layi ɗaya da ya hutar da ke. Hausa ba ta da aikatau guda tilo da yake ɗauke da wannan ma'ana gaba ɗayanta, kamar yadda Ingilishi ya tsirar da aikatau theorize daga jikin sunan tiyori, ko yadda Larabcin zamani yake da tanziri a gefen nazariyya. Abin da muke da shi tarin kalmomi ne masu maƙwabtaka da juna, kowace tana tsaye a kan matakinta na aikin tunani, kuma wadda marubuci ya ɗauko tana tona irin yardar da ya yi da maganar da yake ruwaitowa, ko ya sani ko bai sani ba. Kalmar da kika zaɓa tana cikin wannan tari, sai dai matakin da take tsaye a kai ba shi ne matakin da aikin Greenberg, masanin harshen da ya rarraba harsunan Afirka dangi-dangi, ya kai ba.

Idan kika saurari yadda ake faɗin hasashe a rediyo da bakin jama'a, za ki ji cewa kusan kullum fuskarsa tana kallon abin da ido bai riga ya gani ba. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, masu sharhin siyasa sukan yi hasashen wanda zai ci zaɓe, manomi kuma yakan dubi hadarin da ya haɗo daga gabas ya yi hasashen ko zai zuba ko iska za ta watsa shi. A duk waɗannan akwai ranar da za a gane gaskiya, domin ko dai ruwan ya sauka ko bai sauka ba. Shi ya sa muke cewa hasashe ya tabbata, ko hasashe bai yi daidai ba, kuma da zarar ya tabbata ya daina amsa wannan suna, ya koma labari. Ke da kanki kina da ƙaramin kanu a babinki na ɗaya mai suna hasashen bincike, kuma abin da kika jera a ƙarƙashinsa shi ne abubuwan da kike kyautata zaton za ki tarar kafin ki fita tattara bayanai. Wannan amfani daidai ne, kuma shi ne ya nuna matsalar jimlarki, domin da kika ce Greenberg ya yi hasashe, kin mayar da shi babi na ɗaya, alhali mutumin ya riga ya kammala babi na biyar.

Ra'i kuwa wani abu ne daban. Bayani ne da aka tsara domin ya ɗinke abubuwa masu yawa da aka riga aka gani, ya nuna dalilin da ya haɗa su, har a iya ciro hasashe daga cikinsa. A ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, rana ta yi husufi cikakke a sassan Zamfara da Katsina da Maraɗi, gari ya yi duhu na 'yan mintoci. An sanar da ranar da sa'ar tun kafin lokacin, kuma wannan sanarwa ita ce hasashe. Abin da ya ba masana taurari ikon yin ta shi ne ra'in da masanin kimiyya Isaac Newton ya wallafa a 1687 game da ƙarfin da yake sa rana da wata da duniya suke jan juna, tare da lissafin da aka ci gaba da gyarawa a bayansa. Ra'in shi ne uwa, hasashen ɗa ne daga cikin 'ya'yanta masu yawa. Wanda ya ce Newton ya yi hasashen ƙarfin jan ƙasa ya kira uwa da sunan ɗanta.

Akwai abin sha'awa a asalin sunayen da kansu. Ra'i da ra'ayi kalma ɗaya ce a Larabci, daga saiwar da take nufin gani. Hausa ta daɗe da ra'ayi a ma'anar abin da mutum yake gani a kan wani al'amari, wanda ba dole ne ya kawo masa hujja ba, sai malaman jami'a suka keɓe gajeriyar sigar, ra'i, mai jam'i ra'o'i, domin ta ɗauki nauyin ma'anar ilimi. Waɗanda suka fito ta hanyar karatun Larabci sun fi sakewa da nazariyya, ita ma daga saiwar da take nufin duba, saiwar da ta ba mu nazari. Tiyori kuma daga Girkanci ta fito, inda asalinta yake nufin kallo, kuma 'yar'uwa ce ga kalmar da ta zama tiyata a bakinmu, domin ɗakin fiɗa na da can wuri ne mai kujeru a zagaye inda ɗaliban likitanci suke zama suna kallon malaminsu yana aiki. Harsuna daban-daban sun haɗu a kan cewa mai ra'i mutum ne da ya duba ya gano wani abu. Wannan kusanci na ra'i da ra'ayi yana da tarkonsa, domin harafi biyu ne kawai tsakaninsu, kuma na sha ganin mai buga kundi a shagon kwamfuta ya "gyara" wa ɗalibi ra'i ya koma ra'ayi daga farkon aiki har ƙarshensa, yana ganin taimako ya yi.

Sauran maƙwabtan hasashe ba sa buƙatar dogon bayani, amma ya kamata ki san inda kowanne ya tsaya. Zato da tsammani suna cikin zuciya, ba su da hujjar da za a shimfiɗa a gaban mutane, kuma zato yana da ɗan ƙaurin suna tun da Bahaushe ya ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Kintace da kirdado sun ɗara su, domin akwai gwaninta a ciki. Mai sayen hatsi a kasuwar ƙauye yakan kama kunnen buhu ya ɗan ɗaga shi, ya soka hannu ya ji cikarsa, ya kintaci yawan tiyar da ke ciki, kuma sau da yawa idan aka auna ba ya yin nisa da gaskiya. Amma idan kika tambaye shi yadda ya yi, zai ce miki sabo ne. Mai ra'i ba shi da izinin ba da wannan amsa, tilas ne ya baje hanyar da ya bi yadda wani zai iya bin sawunsa ya kama shi da kuskure. Shaci-faɗi kuwa zagi ne, ana jifan wanda ya yi magana ba bisa komai ba da shi, kuma ita ce kalmar da ta dace idan ana son a fassara wancan aikatau na Ingilishi a wuraren da ake amfani da shi da raini, a kan mutumin da yake zaune a inuwa yana tsara bayanin abin da bai taɓa zuwa ya gani ba.

Ƙiyasta tana da tarihi mai nauyi fiye da yadda jaridu suke amfani da ita. A yau idan aka ce an ƙiyasta asarar da gobara ta jawo, ana nufin an yi lissafi na kusa da kusa. A zauren malamai kuwa ƙiyasi hanya ce ta ciro hukunci mai rukunai huɗu, wato asali da reshe da illa da hukunci: an haramta giya da nassi, illar haramcin ita ce gusar da hankali, saboda haka duk abin da ya yi tarayya da ita a wannan illa ya ɗauki hukuncinta. Wannan tunani ne mai tsari, kuma ya fi kintace kusa da aikin mai ra'i nesa ba kusa ba, sai dai aikinsa auna abu ɗaya a kan wani ne, ba tsara bayani mai faɗi ba. Haka nan ƙaddara, a irin maganar malamin lissafi da yake cewa "mu ƙaddara cewa kuɗin doki ya ninka na jaki sau uku," tana nufin a ɗauki abu a matsayin gaskiya na ɗan lokaci domin a ga inda zai kai mu. Tana da amfani sosai idan kina bayanin tubalan da masani ya fara ajiyewa kafin ya ɗora sauran maganarsa.

Tarihin gano musabbabin zazzaɓin cizon sauro yana nuna yadda waɗannan kalmomi suke bin juna a jere, kuma nakan yi amfani da shi a aji domin ba wanda cutar ba ta taɓa kwantar da shi ba. Mutanen Italiya sun daɗe suna zaton cewa gurɓatacciyar iskar fadama ce take kawo ta, kuma sunan maleriya da kansa ma'anarsa mummunar iska a harshensu. A 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran, yana aiki a garin Kustantina na Aljeriya, ya ga ƙwayar cutar a cikin jinin majiyyaci ta madubin likita. Wannan gani ne, aikatau ɗinsa shi ne gano. A 1894 Patrick Manson, wanda tun yana aiki a Sin ya nuna cewa sauro yana ɗaukar tsutsar da take haddasa tundurmi, ya yi hasashen cewa sauro yana da hannu a wannan cutar ma. A nan kalmar hasashe ta zauna daram, domin bai gani ba tukuna, kuma ya ma yi kuskure a wani ɓangaren, tun da ya ɗauka cewa mutum yana kamuwa ne ta shan ruwan da sauron ya mutu a ciki. Ronald Ross ya ɗauki wannan hasashe ya tafi da shi Indiya, ya yi ta fiɗar sauro ɗaya bayan ɗaya, har ranar 20 ga Agusta 1897 ya ga ƙwayar a jikin tumbin wani nau'in sauro. A shekarar da ta biyo baya ya nuna a kan tsuntsaye cewa ta cizo cutar take wucewa, Grassi da abokan aikinsa a Italiya kuma suka tabbatar da haka a kan mutane. Daga nan ne aka sami cikakken ra'i, wanda ya bayyana dalilin da ya sa cutar take yawaita da damina, da dalilin da ya sa ta fi addabar mazauna kusa da kududdufai, ya kuma haifi sabon hasashe cewa gidan sauro zai rage ta. Sunan da muke kiran cutar da shi a Hausa yau, zazzaɓin cizon sauro, ra'in nan ne ya shige cikin harshe ya zauna, har ba ma jin sa a matsayin ra'i.

To, wane aikatau za a ba wanda ya yi wannan aiki na ƙarshe? Wanda na fi yarda da shi, kuma wanda ya fi yawa a alƙaluman marubutan da suka san abin da suke yi, shi ne gina. Ana cewa wane ya gina ra'i, ko ya gina ra'insa a kan hujjoji kaza. Dalilina ba son rai ba ne kawai. Gina tana zuwa da danginta gaba ɗaya, kuma kowane ɗan dangin yana da aikin da zai yi miki a cikin kundi. Ra'i yana da harsashi da tubala da ginshiƙai, ana ɗora wani a kan wani, ana yi masa kwaskwarima idan ya tsage, ana rushe shi idan ya ƙi gyaruwa, wani kuma ya zo ya yi sabon gini a kan kufansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga magini yana jera tubali, yana ɗaura igiya daga kusurwa zuwa kusurwa domin kada layi ya karkace, ya san cewa gini abu ne da ake yi a hankali, a bainar jama'a, kuma kowa yana iya zuwa ya ƙwanƙwasa bango ya ji ko yana da ƙwari. Wannan siffa ce ta ra'i wadda hasashe da kintace ba su da ita. Ban da haka, tsarin aikatau na Hausa, wanda masanin Hausa Parsons ya kasa rukuni bakwai da ake kira giredi a 1960, yana ba ki sigogi a kyauta: masani ya gina ra'i, ra'in ya ginu a kan kwatancen kalmomi, daga baya ya kafu a tsakanin masana, ko kuwa ya rushe.

Kafa da assasa suna kusa da gina, amma suna ɗauke da ma'anar farawa, saboda haka a ajiye su domin wanda ya buɗe hanya, mabiya suka biyo shi, musamman idan maganar ta kai ga mazhaba, wato ra'in da ya tara almajirai. Kawo da gabatar da sun fi sauƙi, ba sa yabo ba sa kushe, kuma su ne mafi aminci idan kina jera masana da yawa waɗanda suka saɓa wa juna: wane ya kawo ra'in cewa kaza, wance ta gabatar da wani daban. Samar da tana yawo sosai a kundaye, ba kuskure ba ce, sai dai ta gaji da aiki, tun da ita ce ake samar da ruwan sha da aikin yi da zaman lafiya da ita a kowace sanarwar gwamnati.

Wadda nake gargaɗin ɗalibai a kanta ita ce ƙirƙira, tare da 'yar'uwarta ƙaga. Da yawa sukan rubuta cewa wane ne ya ƙirƙiro ra'in kaza, suna nufin shi ne ya fara zuwa da shi. A fagen fasaha kalmar yabo ce, domin wanda ya ƙirƙiro na'ura ya yi abin kirki. A fagen magana kuwa, ƙirƙirarren labari ƙarya ne, ƙagaggen labari kuma abin da marubuci ya shirya ne daga kansa, kuma idan aka ce an ƙaga wa mutum magana ana nufin an yi masa ƙazafi. Kunnen Bahaushe yana jin wannan inuwa ko da marubucin bai nufe ta ba, sai ra'in ya fito kamar abin da aka ƙulla a ɗaka ba tare da an dubi duniya ba. Irin wannan haɗari yana tattare da iƙirari da da'awa da raya. Idan kika rubuta cewa wani masani ya yi iƙirarin cewa kaza, ko yana raya cewa kaza, kin riga kin gaya wa mai karatu cewa ba ki gamsu ba, kamar dai kin saka wai a gaban maganar. Idan haka kike nufi, madalla, sai ki kawo dalilinki a jimla ta gaba. Idan ba haka kike nufi ba, kin ja wa kanki tambaya a ranar kare kundi.

Yanzu mu koma kan Greenberg, domin sanin abin da ya yi shi ne zai zaɓa miki kalma. Tun ƙarni na 19 wasu Turawa masu nazarin harsuna sun lura da kamanni tsakanin Hausa da harsuna irin su Larabci da Ibrananci da harsunan Berber, sai dai bayanin da ya yi rinjaye a farkon ƙarni na 20, wanda Carl Meinhof ya yi fice da shi a 1912, ya cakuɗa harshe da launin fata da sana'ar kiwo, ya tara Hausa da Fulatanci da Masai a rukuni ɗaya da aka kira na Hamawa, wato zuriyar Ham ɗan Annabi Nuhu. Joseph Greenberg, Ba'amurke, ya fitar da jerin maƙalu daga 1949 zuwa 1954, ya tattara su a 1955, ya sake tsara su a 1963, inda ya yi watsi da batun jinsin mutane ya tsaya a kan harshe kaɗai. Ya cire Fulatanci daga wancan rukuni ya mayar da shi cikin 'yan'uwansa na yammacin Afirka, ya haɗa Hausa da harsuna irin su Bolanci da Ngizim da Angas da Margi a reshe ɗaya mai suna Chadi, ya kuma sanya wannan reshe a matsayin ɗaya daga cikin rassa biyar na babban dangin da ya raɗa wa suna Afro-Asiya, kafaɗa da kafaɗa da reshen da Larabci yake ciki da tsohon harshen Masar.

Hujjojin da wannan rabo ya tsaya a kansu suna bakinki kullum. Ba kalmomin aro irin su littafi da alƙali da sadaka ake dubawa ba, domin waɗannan sun shigo ne tare da addini da kasuwanci, kuma aro ba ya tabbatar da dangantaka. Ana duba abubuwan da harshe ba ya saurin arowa. Hausa tana nuna mace da "ta", kamar a "ta zo" da "rigarta", Larabci ma yana nuna mace da wannan harafi. Muna cewa gidanka ga namiji, gidanki ga mace, Balarabe yana cewa baituka da baituki. Muna manna ɗafa-goshin "ma-" domin mu samar da sunan wuri ko na kayan aiki, kamar makaranta da mabuɗi, Larabci yana da madrasa da miftahu. Mutu tamu tana kama da "mata" ta Larabci, wato ya mutu, suna yana kama da ismu, huɗu kuma tana da takwara a tsohon harshen Masar. Mutumin da ya jera irin waɗannan daga harsuna masu yawa, ya ware na gado daga na aro, ya fito da tsarin da ya bayyana su gaba ɗaya, ya wuce matakin hasashe. Daga baya Paul Newman da Roxana Ma suka ɗora a kan aikinsa a 1966, suka nuna yadda sautuka suke sauyawa bisa ƙa'ida daga wannan harshen Chadi zuwa wancan, kuma a yau matsayin Hausa a cikin wannan reshe ba abin jayayya ba ne a tsakanin masana, ko da yake an soki hanyar Greenberg ta kwatanta harsuna da yawa a lokaci guda, an kuma yi ta gardama a kan wasu rukunan nasa, musamman wanda ya sanya Barbarci, wato Kanuri, a ciki.

Wani zai ce me zai hana mu ƙera aikatau ɗin da muka rasa, tun da Hausa tana da injin yin haka. Gaskiya ne tana da shi. Da ɗafa-ƙeyar "-ta" muka sami tsorata daga tsoro, hukunta daga hukunci, ƙiyasta daga ƙiyasi, nazarta daga nazari, kuma a zamaninmu an sami zamanantar da daga zamani, ta kuma karɓu har ba mai jin baƙuntarta. Bisa wannan ƙa'ida ba abin da zai hana a ce ra'anta. Ni dai ba na ba ɗalibi shawarar ya fara wannan a cikin kundinsa. Kalma tana rayuwa ne idan mutane suka ji buƙatarta suka ɗauka, kuma a nan buƙatar ba ta da ƙarfi, domin Hausa ta saba da haɗa aikatau mai sauƙi da suna ta bar sunan ya ɗauki ma'ana, kamar yadda muke yin magana, mu yanke hukunci, mu kafa hujja, mu ba da fatawa. Rashin kalma guda ba talauci ba ne a wannan wuri. Aikatau ɗin nan na Ingilishi yana rufe mai kintace da mai hasashe da mai gina ra'i da bargo ɗaya, har sai an duba sauran jimlar kafin a san wanda ake nufi, Hausa kuwa tana tilasta wa marubuci ya faɗi matakin da yake magana a kai. Wahalar da mai fassara yake sha ke nan, domin dole ne ya koma ya binciki abin da masanin ya yi kafin ya zaɓi kalma.

Tun da nazarta ta shigo zance, bari in gyara wani kuskure da nake yawan gani, wataƙila yana cikin kundinki. Nazarta ba ta nufin gina ra'i ko da yake ta yi tarayya da nazariyya a saiwa, ma'anarta duba abu da idon basira. Kuma ita da kintata 'yan giredi na biyu ne, masu sauya wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo baya: ya nazarci harsunan, ya nazarce su, harsunan da ya nazarta, ya kintaci lokacin, ya kintace shi, lokacin da ya kintata. Rubuta "ya nazarta harsunan" kuskure ne da jan biro ba ya yafewa. Gina da kafa da ƙiyasta ba su da wannan rigima, 'yan giredi na ɗaya ne, wasalinsu a rubuce ba ya sauyawa. Hasashe kuwa suna ne, yana tafiya da yi da kuma harafin mallaka, a ce ya yi hasashen cewa, ko ya yi hasashen zuwan ruwa, kuma akwai sigar hasaso ga mai son aikatau kai tsaye, kamar a abin da masana suka hasaso. Ra'i ma yana ɗaukar harafin nan, a ce ra'in Greenberg, ko ra'in cewa Hausa 'yar Chadi ce.

Ga yadda zan rubuta jimlarki idan ni ne: "Greenberg (1963) ya gina ra'insa na rabon harsunan Afirka a kan kwatancen kalmomi na gado da ƙirar kalma, inda ya sanya Hausa a reshen Chadi na dangin Afro-Asiya." Idan wurin bai ɗauki doguwar jimla ba, ki ce ya sanya Hausa a reshen Chadi, ko ya nuna cewa tana cikinsa, domin nuna tana shaida cewa kin karɓi hujjarsa, kuma a wannan batu kina da damar karɓa. Idan kuma kina magana ne a kan marubutan ƙarni na 19 waɗanda suka hangi kamannin ba tare da sun tsara shi ba, to can ne za ki mayar da hasashen da aka zagaye miki, ya zauna a wurinsa. A babinki na ɗaya, inda za ki faɗi ra'in da aikinki ya bi, kada ki ce kin gina ra'i, domin ba ke kika gina shi ba. Ki ce an ɗora wannan bincike a kan ra'in wane, sa'an nan ki faɗi shekarar da ya kawo shi da waɗanda suka yi masa kwaskwarima a bayansa.